Na Zaci Gyara Ce

Rashin abinci ba zai taɓa kashe mutum a Osaka ba. Tun zamanin mulkin Edo ake yi wa birnin kirari da madafar ƙasa, don nan shinkafar larduna take taruwa kafin a watsa ta, har a 1730 hukuma ta amince da kasuwar shinkafa ta Dojima inda 'yan kasuwa ke cinikin amfanin gonar da ba a ma girbe ba. Japanawa suna tsokanar juna cewa mutumin Kiyoto a kan sutura yake tsiyacewa, na Osaka kuwa a kan cikinsa, kuma mutanen Osaka ba sa jin haushin zancen, alfahari ma suke yi da shi. Duk lungun da ka leƙa akwai tukunya a kan wuta. Amma baƙon da ba ya karanta rubutunsu, ga shi Musulmi mai kiyaye abin da zai sa a baki, yana iya tsayawa tsakiyar wannan yalwa cikinsa na ƙugi, saboda bai san wace ƙofa zai tura ba.

Ƙofofin ne matsalar. Ƙananan gidajen abincinsu ba sa nuna cikinsu. Ƙofa ce ta katako mai zamewa gefe, da guntun labule a rataye a samanta, da wani allo mai rubutu. Ba ka ganin tukunya, ba ka ganin masu ci, ba ka san ko kujera shida ce a ciki ko sittin ba. Wasu ma ba a ƙasa suke ba, sai ka ɗaga kai ka ga jerin alluna a jikin bene, hawa na uku gidan taliya, na biyar gidan gasasshen nama. Wasu kuma suna ƙarƙashin ƙafarka, a lungunan da ke ƙasan tashoshin jirgi.

Na je garin ne rakiyar yayan matata, Alhaji, wanda ke sayen injinan mota da safaya na hannu yana lodin kwantena. Ni ne mai Turanci, ni ne mai latse-latsen waya, don haka ba tare da an yi shawara ba neman abinci ya faɗo kaina. Kwanakin farko kuwa ban yi wani abin a zo a gani ba. Da safe mu shiga kantin Lawson ko FamilyMart, in tsaya ina haska bayan leda da waya ina neman alamar alade, mu fito da dunƙulen shinkafa mai kifi a ciki, da dafaffen ƙwai da ayaba. Da dare mu bi taswira zuwa gidan abincin 'yan Indiya ko na Turkawa mai takardar halal a ƙofa. Alhaji bai ga aibun haka ba. Shi in akwai shinkafa da miya mai yaji, duniya ta yi daidai. Ni ne abin ke ci wa rai: a ce mutum ya keto rabin duniya zuwa madafar Japan, ya koma gida bai san komai ba sai gurasar Indiya.

Na gwada Dotonbori, inda kowane baƙo yake fara zuwa. Magudanar ruwa ce da aka gama haƙawa a 1615, yanzu kewaye da fitilu da hoton ɗan tseren nan na kamfanin Glico da kowa ke ɗaukar hoto a gabansa. Cunkoso ne kawai da dogayen layuka, kuma abin da aka fi sayarwa ko dai okonomiyaki ne, wanda a asalinsa da yankan alade ake shimfiɗa shi, ko takoyaki, wainar da ake cusa wa naman wata halittar teku mai hannaye takwas, wadda Alhaji ya kalla sau ɗaya ya ce a kai kasuwa. Na koma kan waya. Aka ce mini Japanawa da kansu manhajar Tabelog suke dubawa, sai na buɗe na ce ta nuna mini gidajen da suka kai maki 4. Abin da ya fito duk gidajen manya ne, masu kama kujera tun wata guda kafin ranar, masu kuɗin da zai biya mana otal. Na yanke cewa gidan arha mai kyau babu shi. Ban san cewa masu ba da maki a can marowata ne ba, gidan da ya samu 3.5 ya shiga sahun zaɓaɓɓu, kuma ɗimbin gidajen da mutanen unguwa ke cika kullum a 3.1 ko 3.2 suke zaune. Wannan kuskure ne, amma ƙarami, cikina kawai ya cutar. Wanda ya sa na ɗauki alƙalami ya fi shi nauyi, don wata baiwar Allah na ɓata wa rai.

Wani dare muna dawowa daga wajen lodi muka sauka a tashar Tenma. Kusa da ita akwai Tenjinbashisuji, rufaffiyar kasuwa mai tsawon kilomita 2.6, wadda ake cewa babu mai tsawonta a Japan, kuma a gefenta lunguna ne matsattsu cike da hayaƙin gawayi. Ana yayyafi, ƙafafunmu sun gaji. Na ga wata jar fitilar takarda a ƙofa, na ji ƙamshin gasasshen kifi, na ce wa Alhaji yau kam sai mun ci na 'yan gari. Na zame ƙofar.

Ɗakin bai fi shagon tela ba. Kanta ce guda ta katako da ta sha goga har tana ƙyalli, da kujeru a jere, maza uku cikin kwat sun sassauta ɗamarar wuya. A bayan kantar wani dattijo ne da tawul ɗaure a goshi yana juya kifi a kan waya, bai ko ɗago ba. Matarsa, 'yar tsohuwa gajeriya mai ɗan rankwafawa, ta nuna mana kujeru biyu na ƙarshe, ta miƙo mana tawul mai ɗumi nannaɗe, da hannu biyu. Ta yi tambaya, na gane abin sha take nufi, na ce shayi. Ta ɗan tsaya kamar tana jiran ƙari, sannan ta kawo baƙin shayi mai sanyi a manyan kofuna. Na nuna kifin da ke kan wuta, saba, wanda mu muke kira titus, na ɗaga yatsu biyu, na nuna tulun gishiri don ta gane ba ma son a shafa masa komai, na ƙara da shinkafa.

Kafin kifin ya iso ta ajiye mana wani ɗan kwano kowa ɗaya, bai fi tafin hannun yaro ba. A ciki akwai yankan wani farin tushe da suke kira daikon, an dafa shi har ya zama ruwan zuma, da ɗan ƙullin ganyen teku a kai. Alhaji ya dube ni ya ce, “Malam, wannan fa? Kai ka ce a kawo?” Na ce a'a, gyara ce, sun ga baƙi ne. Na faɗa da cikakken yaƙini, don a saninmu duk abin da mai sayarwa ya ɗora maka ba ka tambaya ba, alheri ne, kuma mayar da shi rashin ta-ido ne. Muka cinye. Yana da ɗan zaƙi-zaƙi, yana narkewa a baki. Har na ɗaga wa tsohuwar babban yatsa, ta yi dariya ta rufe bakinta da hannu.

Kifin ya zo fatarsa ta yi ƙus-ƙus, mai na tsattsafowa, da ɗan tulin gurzajjen daikon a gefe. Ban ci abin da ya kai shi daɗi ba tun saukarmu. Muka zauna muka baje, Alhaji na lissafin kwantena a bayan ambulan, ruwa na zuba a waje. Mun daɗe. Mutum biyu sun leƙo, suka ga babu wuri, suka juya.

Da muka tashi ta miƙo wata 'yar takarda mai lamba ɗaya tak a jiki, jimilla. Na riga na yi nawa lissafin daga farashin da ke manne a bango, sai na ga ƙarin yen 800. Na nuna mata takardar na girgiza kai. Ta ɗauki biro ta rarraba: kifi, shinkafa, shayi, sai wani layi mai 400 sau biyu. Ta nuna wurin da ƙananan kwanonin suka zauna, ta faɗi wata kalma. Nan jinina ya hau. Na ciro waya na rubuta wa manhajar fassara: ba mu ce a kawo wannan ba, don kun ga mu baƙi ne kuke ƙara mana kuɗi? Na juya mata fuskar wayar. Allah kaɗai ya san da wane irin lafazi na'urar ta mayar da shi.

Ta karanta, ta sake karantawa. Murmushin bai bar fuskarta ba, amma wuyanta da kunnuwanta sun yi ja. Mutanen nan uku suka yi tsit, kowa ya zuba wa kofinsa ido. Ta fara bayani da sauri tana nuna wata takarda a bango, na ɗaga hannu na ce a'a. Sai mijin ya ajiye abin juya kifi, ya karɓi takardar, ya ja layi a kan 800 ɗin, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Ita kuma ta rusuna, tana ta ba ni haƙuri. Ni take ba haƙuri. Na ƙirga kuɗin daidai na ajiye a ɗan farantin da ake ajiyewa, muka fita. A hanya Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce, “Ai shi ya sa na taho da kai. Da ni kaɗai ne da sun wanke ni.” Na kwana ina jin kaina gwarzo.

Ranar Juma'a muka hau jirgin ƙasa zuwa Kobe, tafiyar da ba ta wuce rabin sa'a ba, don yin salla a tsohon masallacin da aka gina a 1935, wanda ya tsira daga ruwan bama-baman 1945 da girgizar ƙasar 1995. A can muka haɗu da ɗan wani maƙwabcinmu da ke karatun injiniya a Osaka shekara da shekaru. Bayan an idar muna tsaye a bakin wani shagon kayan halal, na kwashe labarin na ba shi, ina ƙara gishiri, ina jiran yabo. Yaron ya saurara har ƙarshe. Ya sosa ƙeya ya ce, “Kawu, akwai jar fitila a ƙofar?” Na ce akwai. Ya ce, “Abin sha ta fara tambayarku?” Na ce ƙwarai. Ya yi shiru irin na yaron da ke neman hanyar gaya wa babba ya yi kuskure, sannan ya ce, “Kawu, wallahi ba cutarku suka yi ba.”

Gidan da muka shiga, in ji shi, izakaya ne, wato wurin da ma'aikata ke zama bayan tashi daga aiki su sha giya su ci ɗan abin taɓawa. Jar fitilar ita ce alamarsa. Ɗan kwanon nan kuma a Tokiyo otoshi ake ce masa, a yankin Osaka tsukidashi, kuma kowa ake kawo wa, kowa kuma yake biya, ɗan gari da baƙo, galibi tsakanin yen 300 zuwa 500. Shi ne kuɗin zama. A Japan ba a ba ma'aikacin gidan abinci tukuici, in ka bar canji a tebur ma biyo ka za a yi da shi har titi. Irin wannan ƙaramin gida ribarsa a kan abin sha take, abincin kusan jan hankali ne. To mu mun kama kujera biyu cikin 'yan kujerun da suke da su, a daren da ake ruwa, muka sha shayi kofi ɗai-ɗai, muka zauna har masu shan da za su kawo riba suka leƙo suka koma. Sannan ɗan abin da ya rage musu a kanmu na sa aka soke, na kuma kira su macuta a gaban kwastomominsu na kullum. Takardar da take nuna mini a bango, mai yiwuwa bayanin kuɗin ne a rubuce.

Ina cikin haɗiye wannan sai ya ƙara wata. “Kawu, me ke cikin kwanon?” Na kwatanta masa. Ya ce irin wannan dahuwar kusan kullum da mirin ake yin ta, wani ruwan shinkafa mai zaƙi da ke ɗauke da barasa wajen kashi 14 cikin 100, sau da yawa ma har da 'yar giyar shinkafa da suke kira sake. Zaƙin da na yaba, shi ne. Wannan ta fi yi mini ciwo ta wata fuskar. Ni da nake tsayawa a kanti ina bin bayan ledar biskit layi-layi, ni da na nuna tulun gishiri don kada a shafa wa kifina komai, na cinye kwano guda ban tambayi ko me ke ciki ba, don kawai na ɗauka kyauta ne. Duk taka-tsantsan ɗina ashe a kan abin da zan biya yake. Alhaji ya yi ta istigfari, yana hararata.

Na daɗe ina juya abin, kuma na ga ba rashin sani ne ya kai ni ba. Rashin sani ba laifi ba ne ga baƙo, kowa ya san baƙo ko da ido makaho ne. Da na rubuta a wayar nan “mene ne wannan kuɗin?” da an gama cikin minti ɗaya, ko ɗaya daga cikin masu kwat ɗin ya yi mini bayani da guntun Turancinsa. Amma ban yi tambaya ba, hukunci na yanke, kuma na riga na taho da hukuncin a aljihu tun daga gida. Kafin tafiya na karanta labaran gidajen da ke damfarar baƙi a unguwannin dare na Tokiyo da Osaka, inda ake kawo wa mutum takardar kuɗi ta fitar hankali. Labaran gaskiya ne, akwai su. Sai dai na riƙe tsoron na yar da bayanin. Irin waɗannan gidaje ba sa jira ka tura ƙofarsu. Samari suke bazawa a titi, su tare ka da takarda mai hotuna da Turanci mai daɗi, su yi maka alkawarin rangwame, su hau da kai bene. Abin ya yi yawa har birnin Osaka ya kafa dokar hana wannan tare mutane a manyan unguwanninsa a 2014. Gidan da ya aiko a jawo ka shi ne abin tsoro. Wanda ya rufe ƙofarsa da labule bai damu ko ka shigo ko ka wuce ba, ba ya bukatar yaudararka, yana da mutanensa. Ni kuwa na bar zargin da ya dace da na farko na sauke shi a kan tsohuwa mai dafa daikon.

Ba zan ce al'adar ba ta da abin suka ba. Su kansu Japanawa suna gardama a kanta, matasa da yawa ba sa so, wasu manyan kamfanoni masu rassa sun daina karɓa, wasu gidajen kuma in ka ce ba ka so tun kafin a ajiye za su ɗauke. Kuma gaskiya ne abin da aka rubuta da harshen da mutum ba ya karantawa bai zama sanarwa a gare shi ba. Amma duk wannan hujja ce ta yin tambaya. Babu ɗaya a ciki da ta ba ni izinin cewa mutum ɓarawo ne.

Daga ranar yaron ya ɗauki nauyin wayar mini da kai, kuma abin da ya koya mini ɗaya ne: kafin ka tambayi ko gida na da kyau, fara sanin wane irin gida ne. Ni duk a wurina gidan abinci gidan abinci ne. Ashe kowane iri da ƙa'idarsa. Wanda ya dace da mutum irina shi ne shokudo, gidan cin abinci zalla, inda ake sayar da teishoku: tire guda da shinkafa, da miyar miso, da kifi, da ɗan tsamin kayan lambu, farashi ɗaya a rubuce, babu kuɗin zama, ruwa ko shayi kyauta. Da rana wajen yen 1,000 ya isa. Har gidajen da ke tsada da dare sukan yi irin wannan tiren da rana a kan kuɗi kaɗan, shi ya sa mai hankali yake mayar da babban cinsa na rana. Sai dai a kula da lokaci, don ƙananan gidaje da yawa suna rufewa wajen ƙarfe 2 ba sa buɗewa sai 5. Labulen ƙofar nan da na ɗauka ado ne, shi ne sanarwa: in yana rataye a waje an buɗe, in an shigar da shi ciki a nemi wani wuri.

Ya kai ni ƙarƙashin gine-ginen nan huɗu da ke gaban tashar Osaka a Umeda, hawa biyu a cikin ƙasa, lungu bayan lungu na gidajen da ma'aikatan ofis ke cin rana. Ba za ka taɓa sanin suna nan ba in kana tafiya a sama. Can na gane amfanin abincin roba da ke cikin gilashi a ƙofofi, wanda da nake yi wa dariya. Sana'a ce da Takizo Iwasaki ya kafa wa kamfani a nan Osaka a 1932, kuma ga wanda ba ya karatu babu abin da ya fi ta: ka ga abin, ka ga farashi, ka ɗauki hotonsa ka shiga ka nuna. Wasu gidajen kuma na'ura ce a bakin ƙofa, ka zuba kuɗi ka danna ta ba ka tikiti, ka miƙa wa mai dafawa, babu magana babu lissafi a ƙarshe. A riƙe tsabar kuɗi dai, don har yanzu akwai ƙananan wuraren da ba sa karɓar kati.

Inda Alhaji ya saki jiki shi ne gidan sushi mai bel, inda faranti ke zagayawa a gabanka ka ɗauki wanda ka ga dama, a ƙarshe a ƙirga faranti. Shi ma a gabashin Osaka aka fara shi, a 1958, bayan Yoshiaki Shiraishi ya ga yadda kwalabe ke tafiya a kan bel a wata masana'anta. Alhaji bai yarda da ɗanyen kifi ba, amma akwai dafaffen jatan lande da gasasshen kifi, kuma ya fi son cinikin da yake ganin kayan kafin ya taɓa. Da yamma kuma mukan sauka ƙasan manyan kantuna irin Hanshin da Hankyu, inda hawa guda cur abinci ne, kuma dab da rufewa ake manna wa dafaffen abinci takardar ragi.

Maganar halal ba ta warware da sanin irin gida ba, kuma ba zan yi wa kowa ƙaryar cewa ta warware ba. Alade yana ɓuya inda ba a zato: romon taliyar ramen galibi da ƙashinsa ake yi ko da ba ka ga nama a sama ba, da kitsensa ake soya wasu abubuwan, yana cikin miyar kori ta gidajen arha. Mirin kuwa ya fi shi yaɗuwa, yana cikin kusan duk abin da aka dafa da ruwan waken suya ya yi zaƙi, har romon taliyar udon mai soyayyar awara a kai, wanda Osaka ke taƙama da shi. Musulmin da ke zaune a can ma ba bakinsu ɗaya ba a kan inda za a ja layi, kowa da malamin da yake bi. Ni dai na tsaya a kan kifin gishiri, da farar shinkafa, da awara mai sanyi, da dafaffen ɗanyen waken suya a cikin kwansonsa. Yaron ya rubuta mini 'yar takarda da harshensu: ba na cin alade, ba na cin abin da aka dafa da giya ko mirin, akwai abin da zan iya ci? Ina miƙa ta tun daga ƙofa, kafin in zauna. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda suke ɗaukar tambayar da nauyi. Mai dafawa zai shiga ciki ya ɗauko kwalba ya karanta bayanta. In ya ja iska ta haƙora ya ce abin da wuya, to a'a yake nufi, sai ka yi godiya ka fita, babu wanda ya ji kunya. Mutanen da na shigo garinsu ina tsammanin za su cuce ni, sun gwammace su rasa cinikina da su ce mini e a kan abin da ba su tabbatar ba.

Saura tsohuwa. Na ce wa yaron sai ya raka ni. Ya ce a can ba a zuwa ba da haƙuri hannu rabbana, don haka muka sayi ƙaramin akwatin alawa a ƙasan kanti, aka naɗe shi da takarda kamar kayan lefe. Alhaji ya ce shi ba inda za shi, ba zai sake taka gidan giya da saninsa ba, kuma a nan ban ga laifinsa ba. Ni ma na ce daga ƙofa zan tsaya.

Ba ta yi daɗi yadda na tsara a raina ba. Na so mu je da wuri, lodi ya riƙe ni, muka isa gidan a cike. Tana ganina ta gane ni, fuskarta ta ɗaure kaɗan, ina jin ta zaci wata rigimar na dawo da ita. Yaron ya yi bayani yana rusunawa, ni ma ina kwaikwayonsa a bayansa kamar raƙumi. Ta ƙi karɓar akwatin, ta sake ƙi, a na uku ta karɓa. Yen 800 ɗin kuwa da na sa a ambulan ta tura mini shi da tafin hannu, mijin ya ce wani abu gajere daga bayan hayaƙi, yaron ya ce wai an riga an rufe lissafin ranar. Duk wannan ana yi masu ci na jiran a kawo musu abinci, kowa ya juyo yana kallo, ita kuma kunnuwanta sun sake yin ja. Na gane na sake sa ta tsakiyar idon jama'a, wannan karon don in sauke nauyin da ke kaina. Muka gaggauta sallama.

Muna juyawa yaron ya taɓa ni ya nuna jikin ƙofar daga ciki. Wata sabuwar farar takarda ce manne da salatif, an rubuta da hannu, da manyan haruffan Turanci marasa daidaito, irin na wanda ya kwafo daga waya harafi-harafi: akwai kuɗin zama, yen 400 kowane mutum, tare da ɗan abinci. Daren da muka zo babu ita.

Da na koma otal na ba Alhaji labari, har da takardar. Yana kishingiɗe yana cin ayaba. Ya ce, “To ka gani, Malam? Ashe gyara muka yi musu. Yanzu wani baƙon ba zai ruɗe ba.” Na ce Alhaji, ai mu ne muka yi laifi. Ya ce shi har gobe abin da bai ce a kawo ba bai ga dalilin biyansa ba, kuma in na gama tausayin tsohuwa in duba masa ko gidan 'yan Indiyan nan na buɗe, don ayaba ba abinci ba ce.